Ga Masu Son Aikin Kula da Numfashi

 In aka tara 'yan sakandare aka tambaye su abin da suke so su zama a fannin lafiya, kusan bakinsu ɗaya ne: likita. Kaɗan su ce nas, wani can baya ya ce haɗa magunguna. Da wuya ka ji wanda ya ce yana so ya zama mai kula da numfashin marasa lafiya, kuma ba laifinsu ba ne, ba a gaya musu akwai wannan aiki ba. To akwai shi. Ni da gemuna ya yi fari a tsakanin gadajen asibiti, ina so in ba ku labarinsa, in kuma gaya muku abin da yake nema a wurin mai yinsa, don wanda zai shiga ya shiga da saninsa.

Aikin shi ne tsayuwa a kan duk wanda numfashi ya yi wa wuya. Jariri bakwaini da huhunsa bai yi ƙwari ba, yaro mai ciwon huhu, mai asma da ta taso masa cikin dare, tsohuwa da hayaƙin murhu ya cinye wa ƙirji, direban da haɗari ya karya wa haƙarƙari. Mai wannan aiki shi ke auna yawan oksijin da ke cikin jini, ya haɗa tukunya ko na'ura, ya zuƙe majinar da ta toshe maƙogwaro, ya ba da maganin shaƙa, ya gwada ƙarfin huhu, ya tsaya a kan injin da ke yi wa mara lafiya numfashi. Likita ne ke yanke abin da za a yi. Amma likita zai zagaya ya wuce gado na gaba, wannan ma'aikaci kuwa shi ke zama. Mutum na iya kwana da kwanaki bai ci abinci ba, amma ƙwaƙwalwa in ta rasa oksijin na minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta da gyara. Shi ya sa a wannan aiki babu "ina zuwa", babu "bari in ƙarasa shayina".

Sana'ar ba ta daɗe a duniya ba, asalinta kuma ba na alfarma ba ne. A asibitocin Amurka, wajejen shekarun 1940, akwai ma'aikata da aikinsu bai wuce turo tukwanen oksijin daga ma'aji zuwa bakin gado ba, su ɗaura, su kwance, su mayar. Yau da gobe suka fi kowa sanin halin tukunyar, likitoci suka shiga koyar da su, har a 1947 suka kafa ƙungiyarsu a birnin Shikago. Daga dakon tukunya aka kai yau ana karatun shekara 2 zuwa 4, a zauna jarrabawa, a karɓi lasisi. Saboda haka ranar da aka ce ku turo tukunya daga ƙasan bene, kada ranku ya ɓaci, da haka magabatanku suka fara.

Labarin da na fi so ku riƙe kuwa ya faru ne a Kofenhagen, babban birnin Denmak, a 1952. Annobar shan inna ce ta afka wa garin. Mu nan mun fi sanin shan inna da shanye ƙafa, mun ga 'yan uwanmu da take sa su rarrafe a bakin titi. To akwai wadda ke shanye naman da ake jan numfashi da shi da wanda ake haɗiya da shi, mutum yana ji yana gani ya kasa shaƙar iska. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cutar, yana da babban injin ƙarfe guda ɗaya tak, irin wanda ake zura mutum a ciki, da wasu ƙanana guda 6. A makonnin farko an kwantar da mutum 31 da cutar ta kama wa numfashi, 27 suka rasu. Sai aka kirawo wani likita mai sa barci a ɗakin tiyata, sunansa Bjørn Ibsen. Da ya duba, ya ce abin da ke kashe mutanen nan shi ne gurɓatacciyar iskar da jiki ya kamata ya fitar, tana taruwa a jininsu don ba su da ƙarfin fitar da ita. Ranar 27 ga Agusta ya gwada dabararsa a kan wata yarinya 'yar shekara 12 da ake ganin ta kusa cikawa. Aka huda mata maƙogwaro, aka sa bututu, aka haɗa shi da jakar roba, ya riƙa matsa jakar da hannu yana tura mata iska. Yarinya ta rayu.

Sauran aiki, wa zai riƙa matsa wa ɗimbin marasa lafiya jaka dare da rana? Sai aka kirawo ɗaliban likitanci da na haƙori, wajen 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya zauna a bakin gado sa'o'i yana matsawa, ya tashi wani ya zauna, mako da makonni, wasu marasa lafiyar har watanni. Mace-macen da suka kusa kai 9 cikin 10 suka sauko zuwa kimanin 4 cikin 10, suka ci gaba da sauka. A shekarar da ta biyo baya Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne ɗakin kulawa ta musamman na farko a duniya.

Ku lura fa, ba wani sabon magani aka gano a wannan annoba ba. Abin da ya ceci yaran nan shi ne mutum a zaune a gefensu, idonsa a kan ƙirjinsu, hannunsa bai tsaya ba. Duk injunan da aka ƙera daga baya, masu fitilu da ƙararrawa, hannun ɗalibin nan suka zo su hutar. Idonsa kuwa har yau ba a ƙera abin da zai maye gurbinsa ba. Duk abin da zan gaya muku nan gaba a kan wannan yake tafiya.

A yawancin asibitocinmu ba za ku ga an rubuta sunan wannan sana'a a ƙofar ofis ba. A Amurka da Kanada da Saudiyya da Filifin fanni ne mai zaman kansa, Jami'ar Gana ma tana ba da digirinsa. Mu a nan an rarraba aikin ne: nas da ya ƙaro karatu a kan kulawa ta musamman ko sa barci ko jinyar yara, da masu gashin ƙashi da suka ƙware a kan ƙirji, irin waɗanda ake yayewa a Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'in, da mataimakan ɗakin tiyata, da masu gyaran na'urorin asibiti. Ta kowace ƙofa cikin waɗannan kuka shiga, za ku tarar da aikin yana jiranku.

Yana jira kuwa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000, Najeriya kuma tana sahun gaba a ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna. Ga hunturu da ƙurarsa duk shekara, ga girki da itace a ɗaki mara taga, ga tarin fuka, ga shisha da ta shigo wa samari. Korona ta zo a 2020 ta tona asirin ƙarancin oksijin a asibitoci, mashaƙo ya biyo baya a Kano da maƙwabtanta a 2023 yana shaƙe yara.

Abu na farko da za ku koya ba ya bukatar wuta ko batir: ƙirga numfashi. Ku ɗaga rigar yaro, ku bari ya natsu a jikin uwarsa, ku ƙirga na minti ɗaya cur, kada ku ƙirga na daƙiƙa 15 ku ninka, don numfashin jariri ba ya tafiya daidai. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 a minti, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Na san ana rubuta 20 ko 22 a takardar mara lafiya ba tare da an ƙirga ba, kowa ya sani, har ta zama kamar al'ada. Kada ku gaji wannan. Sau da yawa numfashi ne ke fara sauyawa tun kafin hawan jini ya faɗi, tun kafin mutum ya fita hayyacinsa, wanda ya ƙirga tsakani da Allah shi ke fara ganin hadarin yana haɗowa.

Bayan ƙirga sai kallo. Ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki in yaro ya ja iska? Ƙofofin hanci suna buɗewa? Yana nishi duk fitar numfashi? Kansa yana gyaɗawa tare da numfashin? Ya kasa kama nono? Littattafai da yawa za su ce ku duba ko fata ta koma shuɗiya. Ba da fatarmu aka rubuta su ba. Ku buɗe baki ku duba harshe da dasashi. Ga kuma wanda ya fi yaudarar sabon ma'aikaci: yaron da ya kwana yana haki, da asuba sai ya yi lamo, uwa ta ce alhamdulillahi ya samu barci. Wani lokaci sauƙi ne ya samu, wani lokaci kuwa ƙarfinsa ne ya ƙare. Haka mai asma da ƙirjinsa ke ta fito, sai fiton ya ɗauke alhali yana nan a wahale. Iskar ce ta daina shiga har ta yi ƙara. Wannan shirun ku ji tsoronsa fiye da kowane kuka.

Sai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, kuma ban san wani ƙaramin abu da ya kai ta amfani a ɗakin yara ba. Haske take turawa ta cikin yatsa, ta gaya maka kashi nawa cikin ɗari na jini ke ɗauke da oksijin. In yaro ya sauka ƙasa da 90, yana bukatar oksijin, ko da a ido bai nuna ba. Kowane ɗayanku ya kamata ya iya aiki da ita kamar yadda ya iya riƙe biro. Amma ku san inda take tuntuɓe. In hannu ya yi sanyi, ko yaro yana fizge-fizge, ko an shafa jan farce, ko an yi baƙin lalle mai kauri, lissafinta na iya karkacewa, sai ku koma wani yatsan, ko na ƙafa, ko kunne. Ta manya kuma ba ta zama daidai a yatsan jariri.

Akwai wanda ya fi wannan shafarmu. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gwada abin da na'urar ke nunawa da abin da gwajin jini na ainihi ya nuna. Suka tarar cewa a jikin baƙar fata, samun mutum da oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai alhali na'ura tana cewa lafiya lau, ya kusa ninka na farar fata sau uku. Wato mu ne ta fi yi wa daɗin baki. Don haka in ta nuna 93 amma mutum yana haki yana gumi, ku gaskata mutumin. Ga kuma hayaƙin janareto da na gawayi. Duk hunturu sai an ji labarin iyalin da suka shigar da kaskon wuta ɗaki suka rufe ƙofa, ko suka kwana da janareto a baranda. Gubar wannan hayaƙi takan kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, na'urar yatsa kuwa ba ta iya bambanta su, sai ta nuna 98 ko 99 mutum yana bakin mutuwa. In aka kawo muku 'yan gida ɗaya duk da ciwon kai da jiri da amai, ku tambayi inda suka kwana da abin da aka kunna, ku sa musu oksijin mai yawa nan take, ku kira likita, kada ku saurari na'ura.

Oksijin kansa magani ne, yana da awo kamar kowane magani. Ta bututun hanci, jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita 1 a minti yake bukata, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, wanda ya fi haka har zuwa 4. Akwai masu ganin cewa in kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi. A shekarun 1940 da 1950 haka aka ɗauka a Turai da Amurka, aka riƙa cika kwalaben bakwaini da oksijin, dubban jarirai suka rayu amma suka makance, don yawansa yana ɓata jijiyoyin idon da bai gama ginuwa ba. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. Shi ya sa yau ake riƙe bakwaini a tsakanin 90 da 95, ba a kai shi 100. Tsohon da huhunsa ya daɗe da lalacewa saboda taba ko hayaƙi shi ma ana riƙe shi a 88 zuwa 92, in aka cika masa yana iya yin nauyin barci, gurɓatacciyar iska ta taru masa. Dangi kan murɗa makunnin su ƙara in kun juya baya, da kyakkyawar niyya. Ku yi musu bayani tun farko, kuma duk zagaye ku duba.

Na'urorin kuwa ku ɗauke su amana. Wadda ke tace oksijin daga iskar ɗaki aikinta mai sauƙin ganewa ne: iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin, yawancin sauran naitirojin ne, ita kuma sai ta zuƙi iskar ta bi da ita ta cikin wani garin ma'adini da ke riƙe naitirojin, ta fitar da oksijin da ya haura kashi 90. Abokan gabanta biyu ne, ƙura da rashin tsayayyar wuta, mu kuma Allah ya hore mana duka biyun. Soson da ke bayanta a wanke shi duk mako, da hunturu fiye da haka, a bar shi ya bushe kafin a mayar. Kada a manna ta da bango. Kuma ku sani tana iya yin ƙara, ƙwallon awonta ya tashi, iska tana fita, alhali abin da take bayarwa bai fi iskar ɗaki da komai ba. Sai an gwada da ma'auni ake ganewa. Asibitocinmu cike suke da na'urorin da aka kawo da biki da ɗaukar hoto, bayan shekara suna jibge a lungu saboda abin da bai fi soso ko fis ba. Ku yi abota da mai gyara, ku tsaya a kansa in yana kwancewa, ku koya. Bututun hanci ma in kuna shakka ku tsoma bakinsa a kofin ruwa ku ga ko yana kumfa, ku kuma share hancin yaro, don majina kaɗan ta isa ta tare komai.

Tukunya ita kuma a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure da sarƙa. Kada mai ko giris ya taɓa bakinta, har man shafawar da ke hannunku. Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma duk abin da ya samu yana ci sai ya mayar da shi gobara. Ba taba, ba maganin sauro na kunnawa, ba kyandir, ba risho a kusa. A watan Afrilu na 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda ake jinyar masu korona, mutum fiye da 80 suka rasu. Kuna karɓar aiki, kafin ku zauna, ku duba agogon tukunya ku lissafa ko za ta kai ku safiya. Ƙarfe uku na dare ba lokacin neman mai makullin sito ba ne. Ku tambayi kanku tun da sauran haske: in aka ɗauke wuta yanzu, janareto ya ƙi tashi, wane gado zan fara nufa, kuma ina jakar matsawa take?

Wanda Allah ya kai shi aiki a kan injin numfashi, ga kaɗan daga abin da ba a wasa da shi. A ɗaga kan gado, a riƙa tsabtace bakin mara lafiya, a wanke hannu kafin a taɓa bututu, don ta nan ƙwayoyin cuta ke gangarawa huhu. Zuƙar majina kada ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, domin lokacin da kake zuƙa har iskarsa kake ɗaukewa. In ƙararrawa ta yi kuka, mara lafiya za ka fara kallo kafin inji. Mafi munin ɗabi'ar da ake koya a irin wannan ɗaki ita ce kashe ƙararrawa don ta dami mutane. In kuwa ka rasa gane abin da ke faruwa, mutum yana ƙara sauka, cire shi daga inji ka koma matsa jaka da hannu kamar ɗaliban Kofenhagen, ka ɗaga murya a zo a taimake ka.

Yanzu bari in zo kan mutane, don rabin aikin a nan yake. A garuruwanmu in aka ce "an sa masa oksijin", sai a fara sallallami, wasu har su fara shirin zaman makoki. Akwai uban da zai ce a cire wa ɗansa, ya ɗauke shi su tafi gida. Kada ku kira shi jahili. Abin da ya gani ne: shekara da shekaru oksijin ya yi ƙaranci, ba a sa wa kowa sai wanda ya riga ya kai gargara, don haka duk wanda ya sani da aka sa wa bai tashi ba. Ku zauna da shi, ku ce, "Baba, ba wai ya ƙare ba ne. Huhunsa ne ya gaji, wannan iska za ta tallafe shi kafin allura ta yi aiki." Ku maƙala masa na'urar a yatsansa ya ga nasa, ku maƙala wa yaron ya ga bambanci, sannan ya ga lambar tana hawa bayan an sa bututu. Abin da ido ya gani ya fi dogon turanci shiga zuciya. In akwai uwar da nata ya warke a gadon kusa, ku roƙe ta ta yi wa sabuwar zuwa magana, ta fi ku iya lallashinta.

Haka masu asma. Da yawa suna gudun abin fesawa a baki, wai in ka fara ba ka dainawa, sai su yi ta shan sirop da ƙwayoyi da ba su kai shi aiki ba. Wasu kuma suna da shi amma a harshe maganin ke tsayawa don ba a nuna musu yadda ake yi ba. Kada ku miƙa wa mutum ku ce "sau biyu a rana" ku juya. Ku sa ya yi a gabanku. Yaro kuwa yana bukatar mazubi tsakanin abin fesawar da bakinsa. A 1999 wata likitar yara a Afirka ta Kudu, Heather Zar, da abokan aikinta suka nuna cewa robar lemo mai cin rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin abin fesawar, tana aiki kamar mazubin kanti mai tsada. Ina son wannan misali don ya nuna talauci ba ya hana dabara. Amma ku lura, sai da suka gwada ta a ƙa'idar bincike kafin su ce a yi. Dabarar da ka ƙirƙiro kai kaɗai cikin dare, kada ka fara gwada ta a kan ɗan wani.

Mara lafiyar da bututu ke maƙogwaronsa ba ya iya magana, amma sau da yawa yana ji. Ku yi masa sallama, ku kira sunansa, ku gaya masa abin da za ku yi kafin ku yi. Ku rufe masa jiki, mace ce ko namiji, don rashin lafiya ba ta cire wa mutum kunya. Kada ku tsaya a kansa kuna hirar ƙwallo ko ta biki. Wayar hannu kuma ta zauna a aljihu, hoton mara lafiya ba naku ba ne balle ku watsa.

Ku san iyakarku. Gane cewa abu ya fi ƙarfinka da kiran na gaba da kai a kan lokaci, shi ma gwaninta ne. In kuma kun ga abin da likita bai gani ba, ku faɗa da ladabi amma da lambobi: "Likita, ɗazu numfashinsa 44, yanzu 62, oksijin ya sauko 87." Babu likitan kirki da zai ƙi jin wannan. Ku rubuta abin da kuka gani da lokacin da kuka gan shi, ku miƙa aiki baki da baki a bakin gado. Ranar da tukunya ɗaya ta rage, masu bukata uku, ba mai kuɗi ko ɗan unguwarku za ku duba ba. Ku kira babba a yanke shawara a kan wanda ya fi bukata.

Ku tsare naku huhun. Kullum fuskarku tana kusa da bakin mai tari. Takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare ƙwayar tarin fuka yadda ya kamata, N95 ake sawa, ya kama fuska sosai. Ku buɗe tagogi. In tari ya wuce muku mako 2 ku je a gwada ku, ba abin kunya ba ne, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha.

Ba zan ɓoye muku ba, za ku ga mutuwa fiye da yawancin abokan karatunku, don waɗanda suka fi jin jiki ake kawo muku. Wani za ku kwana a kansa ya cika da hantsi. Rai na Allah ne, ba a ɗora muku riƙe shi ba. Abin da aka ɗora muku shi ne kada sakacinku ya zama sanadi, kuma kada "kwanansa ne ya ƙare" ta zama mayafin rufe tukunyar da ba a duba ba. In abin ya yi muku nauyi ku samu na gaba da ku ku yi magana. Wanda ya daina jin komai a ransa, shi ne na fi ji wa tsoro a bakin gado.

Wasunku za su samu hanyar fita Saudiyya ko wata ƙasa inda sana'ar ke da suna da albashi mai kauri. Ba zan ce kada ku je ba, neman halal ne, kuma za ku ga aiki yadda ake yinsa. Ina dai roƙon wanda ya je ya riƙa waiwayen gida, ya koyar da na baya in ya zo hutu.

Wanda kuma yake makaranta yanzu yana jin zuciyarsa ta karkata nan, ga shawarata. In an tura ku koyon aiki, ku roƙi a kai ku ɗakin gaggawa na yara ko na jarirai, ku nemi aikin dare, a cikin hunturu in da hali. Ku sayi agogo mai hannun daƙiƙa, ku ƙirga numfashin duk yaron da aka kwantar, ku rubuta, ku koma bayan awa ɗaya ku sake ƙirgawa. In kun yi wata guda a haka kuka ji har yanzu kuna so, to bismillah, ku nemi ƙarin karatun, muna bukatarku. Allah ya yi muku jagora.